Yatsa Biyu a Cikin Ɗinki

Duk matar da ta taɓa kai wa Sa'a ɗinkin yara a Gangaren Tudu ta san halinta. Ba ta yanka yadi daidai jiki. Sai ta bar faɗin yatsa biyu a kowane gefe, ta ninke shi ciki, ta danne da dutsen guga. "In ya ƙara jiki ki dawo da ita in buɗe miki," haka take faɗa wa kowa. Shekara goma sha uku tana wannan aiki a zauren gidansu, da keken ƙafar da ta zo da shi daga Gitata cikin kayan aure. Yunifom ɗin firamare, hijabin Islamiyya, har rigunan mawaƙan cocin bayan layi, duk ta ƙarƙashin allurarta suka bi. Mijinta Nababa direba ne a wata ma'aikata a Abuja, ba ya wuni a gida sai Asabar da Lahadi.

'Ya'yansu huɗu, duk mata. Babbar ita ce Rumaisa, shekararta sha ɗaya. Da yake 'yar fari ce, Sa'a ba ta taɓa kiran sunanta ba, kamar yadda ta taso ta ga iyaye na yi. "Ke" ce, ko "waccan". Ba ta yabonta a gaban mutane, ba ta shiga faɗanta, balle a gaban dangin miji.

A farkon aji shida al'ada ta zo wa yarinyar, ta zo da ƙarfi. Kwana goma, wani lokaci sha biyu, audugar mata ba ta kai ta tashin makaranta. A wata na uku ta yanke jiki ta faɗi a layin asambuli. A asibiti wata likita mai suna Priskila ta ja fatar idon yarinyar, ta ga ta yi fari fat, ta yi gwaje-gwajenta, sannan ta miƙo wa Sa'a wani kati mai layi huɗu na ƙananan ƙwayoyi, uku farare, ɗaya ruwan ƙasa.

Sa'a ba ta karɓa nan da nan ba.

"Likita, wannan ai na tsarin iyali ne."

"Shi ne, Maman Rumaisa. Amma jini za mu rage da shi, ba wani abu ba. Ki yi wa babanta bayani. In ba za ki iya ba, kawo min shi."

"To," in ji Sa'a.

Ba ta yi ba. Ta ce wa kanta surutun unguwa take gudu, kuma da gaskiyarta, don a layinsu in aka ga katin nan a jakar 'yar firamare, kafin azahar an san ko waye saurayin. Amma akwai wani dalili da ba ta son dubawa. A haihuwarta ta huɗu saura ƙiris ta tafi. Tun daga nan, shekara uku ke nan, irin katin nan take ɓoyewa a durowar keke, ƙarƙashin zare da maɓallai. Nababa kuwa yana ta roƙon Allah ɗa namiji, har saiwoyi yake sayo mata a hanya. Ta sha saiwar a gabansa, ta haɗiye ƙwayar a bayansa. Sau ɗaya ya taɓa ganin katin yana neman almakashi, ta ce masa maganin ƙarin jini ne. Saboda haka na Rumaisa ma ya zama maganin ƙarin jini, aka kwantar da shi a durowa ɗaya da na uwar. Ta sa yarinyar ta rantse ba za ta nuna wa kowa ba.

Jinin ya lafa. Kwana huɗu, kaɗan-kaɗan. Yarinyar da a da sai an yi faɗa take cin loma biyar ta koma tana kankare tukunya. Kumatu suka fito, ƙirji ya cika, siket ya fara barin shaida a ƙugu. Da suka koma asibiti likita ta ce ƙarin jikin wani na girma ne, wani na samun lafiya, wani wataƙila na maganin, a ƙara wata biyu a gani, in ya so a sauya maganin. Sa'a ta buɗe yatsa ɗaya a yunifom. Bayan mako shida ta buɗe na biyu. Daga nan babu sauran yadi a ciki.

"Umma, a makaranta Tanka suke ce min," in ji Rumaisa wata safiya, ƙwayar na tafin hannunta. "Ko in daina sha?"

"Haɗiye, ke. Kina so ki sake faɗuwa?"

Ran wata Asabar da hantsi Fadimatu, yayar Nababa, ta shigo zauren da atamfar ankon bikin 'yarta. Mace ce mai ido, wadda ko zanen gado ba ya wuce ta ba ta duba bakinsa ba. Aka kira yara awo. Da aka zo kan Rumaisa, Sa'a ta zagaya tef a ƙugunta ta rubuta da sauri.

"Nawa?" in ji Fadimatu.

"Ashirin da takwas, Yaya."

"Da Sallah a gabana kika auna ta. Ashirin da huɗu."

"Yara ne, suna girma."

Fadimatu ta miƙe. Ta ɗauki yunifom ɗin da ke rataye a ƙusa, ta juya cikinsa waje. Ga layin hudar allura na farko, ga na biyu kusa da shi, ga na uku a bakin yadi, zare na neman zamewa. Ta bi su da farce ɗaya bayan ɗaya.

"Sau biyu kika buɗe. Kuma ko a hira ba ki ce yarinya ta yi ƙiba ba." Ta juya wajen Rumaisa. "Zo nan, uwata. Wankinki na wata yana zuwa?"

"Yana zuwa, Gwaggo. Kaɗan."

"Kaɗan. Ke da aka ce kamar an yanka rago." Ta ɗora hannu a marar yarinyar ta danna. "Wa yake raka ki in an tashi lesin?"

"Ba kowa."

"Kira min babanki."

Nababa ya fito daga tsakar gida da soson wankin mota a hannu, kumfa har gwiwar hannu. Yayarsa ta ja shi gefe, amma zauren bai da girman da zai ɓoye magana. Jini na neman ɗaukewa, jiki ya buɗe, uwa tana ta farke ɗinki a ɓoye. Akwai tsohuwar ungozoma a bayan masallaci, yanzu za ta kai ta a duba ta, kafin duniya ta riga su sani.

"Yaya, shekararta sha ɗaya fa."

"Shi ya sa nake sauri."

Sa'a ta san gidan ungozomar. Ƙofarsa na kallon famfon unguwa, inda mata ke layi da jarkoki a daidai wannan lokaci. Yarinyar da aka shiga da ita can riƙe da hannu, ko me tsohuwa ta gani, ko ba ta ga komai ba, maganar za ta bi ta har ɗakin aurenta. Nababa ya dubi matarsa. Ita kuwa ta duƙar da kai kan atamfa, kamar yadda ya dace da uwar 'yar fari a gaban dangin miji. Ba wanda zai zarge ta da yin shiru. Wannan shi ya fi ba ta tsoro, yadda kunya ta zo ta yi mata daidai.

Fadimatu ta kama hannun yarinyar. Rumaisa ba ta yi kuka ba. Sau ɗaya idonta ya sauka kan durowar keken, ta yi maza ta ɗauke shi, ta sa takalmi. Ta san abin da zai cece ta yana ciki. Rantsuwarta take riƙewa.

Sun kai bakin ƙofa.

"Rumaisa, dawo."

Sunan ya fito da nauyi, kamar bakin bai san shi ba. Fadimatu ta waiwayo da mamaki. Sa'a ta ja durowar, maɓallai suka zube ƙasa, ta ciro katin da takardar asibiti ta miƙa wa mijinta.

"Maganin tsarin iyali ne. Likita ta ba ta don jinin ya ragu, wata huɗu ke nan. Shi ya sa ya ragu, shi ya sa take cin abinci. Ga lambar likitar a jiki. Ta ce in gaya maka, ni ce ban gaya maka ba."

Nababa ya goge hannu a wando, ya karanta takardar a hankali, leɓensa na motsi. Sannan ya juya katin, ya dubi layukan nan huɗu. Ya daɗe yana dubawa.

"Wannan ba shi ne naki na ƙarin jini ba?"

Tana iya cewa kama suka yi. Da ya yarda, don yana so ya yarda. Ta sake sa hannu a durowar ta ciro na biyun, wanda aka ci rabi.

"Shi ne. Ba na ƙarin jini ba ne."

"Tun yaushe?"

"Tun haihuwar auta."

Fadimatu ta buɗe baki, ya ɗaga mata hannu ba tare da ya kalle ta ba.

"Yaya, sakar mata hannu. Ba inda za ta." Ya miƙa wa Rumaisa nata katin. "Kin sha na yau?"

"Na sha, Baba."

"Litinin zan ɗauki izini, ni zan kai ki wajen likitar nan in ji da kunnena. Shiga ciki."

Ɗayan katin ya sa a aljihun gaban rigarsa. Ya koma wajen motar, Sa'a ta ji ƙarar bokiti, sannan shiru, ba a ci gaba da wankin ba.

Fadimatu ta naɗe atamfarta, ta sake ajiye ta, ta fita ba sallama. Sa'a ta durƙusa tana tsince maɓallai ɗaya-ɗaya. Rumaisa ta leƙo daga tsakar gida, ta zo ta durƙusa kusa da ita tana taya ta.

"Umma, Baba zai mayar miki da naki?"

"Ban sani ba," in ji Sa'a. "Miƙo min tef. Gobe zan yanka miki sabon yunifom."