Mafarkan Kawu Tun da Ya Zama Shugaban Teloli

Kawuna tela ne, ƙanen mahaifiyata. Tun yana saurayi yake ɗinki a shago guda, wani dogon ɗaki mai kekuna jere a jikin bango, teburin yanka a tsakiya, dutsen guga a lungu. Shagon askina manne yake da nasu. Katako ne siriri ya raba mu, wanda in an yi tari a can, daga nan nake cewa sannu.

Mutum ne mai ƙaton ciki da ƙaramar murya. Bai iya faɗa ba, bai iya ciniki ba, amma in ya riƙe almakashi sai ka tsaya kallo. A da, barci yake yi kamar an jefa dutse a rijiya. Matarsa takan ce ko mafarki ya zo, sallama yake yi ya gaji ya koma.

A shagon kuwa mafarki abin hira ne. Kowace safiya kafin a taka keke, ana shan shayi, wanda ya yi mafarki sai ya faɗa, Baba Mai Alli ya fassara. Baba shi ne mafi tsufa a cikinsu, kullum da guntun alli a bayan kunne. Ba wanda ya san inda ya koyi fassara, amma ba a taɓa kawo masa mafarkin da ya gagare shi ba. Kawu dai nasa saurare, tun da ba shi da abin faɗa.

Wani abu kuma da ubangidansu, mai shagon, ya dasa musu shi ne, in za ka yi wa yaro ɗinki, ka ƙara masa kaɗan. Yakan ce yaro kamar kabewa yake, kana juya baya ya girma, telan da ya ɗinka masa daidai jikinsa mugu ne. Duk wanda ya koyi aiki a ɗakin nan, wannan ƙarin ya shige masa hannu, ba ya ma sanin ya yi.

Da idon ubangidan ya yi rauni, ya tattara zai koma wurin 'yarsa, sai ya ɗauki babban almakashin shago ya miƙa wa Kawu, alamar shi ne shugaba, ya tsallake Baba Mai Alli. Lokacin aiki ya ja baya, mutane sun koma sayen ɗinkakkun kaya a kasuwa. Kawu ya yi ta sintiri har ya samo aikin wata makaranta: yunifom na sababbin yara 'yan aji ɗaya, masu yawa, kuma a gama kafin a dawo hutu.

Yadda suka saba, kowane tela shi ke ɗaukar riga tun daga awo har maɓalli. Kawu ya duba ya ga a haka hutu zai ƙare ba su kai rabi ba. Sai ya tara su ya ce za a raba aikin. Dogo, wani tela mai tsawo da dogon surutu, shi zai je ya auno yara. Baba ya zana da alli, shi Kawu ya yanka, wasu su haɗa, wasu su yi kalmasa.

Baba ya ajiye kofinsa ya ce, "Shugaba, rigar da hannu biyar suka taɓa, in ta lalace wa za a zaga?"

"Ni za a zaga, Baba."

"To in ta yi kyau fa, wa za a yaba?"

Da Kawu ya ga kowa ya sunkuyar da kai, sai ya faɗi abin da bai shirya faɗa ba. Ya ce in wannan tsarin bai fitar da aikin makarantar nan ba, zai ajiye almakashin, su ba wanda suka ga dama.

Washegari Kawu ya zo da mafarkinsa na farko, har da ɗan murna, shi ma yau ya samu na faɗa. Ya ce kekunan shago ne suka zama awaki, igiyoyinsu duka a hannunsa. Yana ja gabas, wata ta yi kudu, wata ta zauna daram, wata kuma ta kama yadin makaranta tana ci.

Baba ya ce, "Wannan ai ba ya buƙatar fassara. Akuya ba ta bin wanda bai tambaye ta inda ciyawa take ba."

Dogo ya ce, "Shugaba, ni wacce ce a ciki?"

"Mai cin yadin," in ji wani daga lungu. Aka kwashe da dariya, ban da Kawu.

Bayan kwana biyu ya sake kawo wani. Wai yana tsaye a gabansu zai yi bayani, sai ya ji bakinsa cike da fil. In ya buɗe baki zai haɗiye, in ya yi shiru suna kallonsa. Baba ya ce wannan gargaɗi ne, mai fil a baki shiru ya kamace shi.

Daga ranar Kawu ya daina faɗa musu. Sai ya dawo kujerata. Kusan kullum sai ya leƙo wai aski, alhali kan yana ƙyalli.

Na ce, "Kawu, ba abin da zan aske fa."

"Kai dai kunna kilifar, ɗana. Kar su ji."

Haka zan riƙa yawo da kilifa a bayan kunnensa, tana ƙara, yana ba ni labari. Wata rana ya ce ya ga kansa sanye da riga, sassanta suna rigima. Hannun dama yana son gaisawa da mutane, na hagu ya shige aljihu ya ƙi fitowa. Yana cikin faɗa wuta ta ɗauke, kilifa ta yi tsit, shi kuwa bai lura ba, muryarsa a sama.

"Sai wuyan rigar ya ce shi ba a yi shawara da shi ba, ya kama ni ya shaƙe!"

Daga bayan katako muka ji Baba ya ce, "Wuyan nan ni ne. Ci gaba, muna ji."

Matar Kawu ma ta zo da nata ƙorafin. Ta tsaya a ƙofar shagona da kwandon cefane, ta ce in gaya wa kawuna ita ba keken ɗinki ba ce. Wai taka ta yake yi cikin barci, ƙwaurinta duk ya yi tsami, jiya har ya kama gefen zaninta yana neman yi masa kalmasa.

Ni ban iya fassara ba, saurare kawai nake yi. Amma na lura a duk mafarkan nan babu maƙiyi, babu mai binsa da sanda. Mutanensa ne, kowa na jan nasa gefen, shi kuma a tsakiya. Ranar da na faɗa masa haka, ya daɗe yana kallon kansa a madubi.

Ya ce, "Ba ƙin aiki suke yi ba, ɗana. Suna yi, har sun fi da sauri. Amma kowa yana yi kamar an raba shi da ɗansa. Da mutum yakan ɗaga riga ya ce ni na ɗinka. Yanzu me zai ɗaga? Aljihu?"

Aiki dai ya tafi. Riguna da wanduna suka taru a kan tebur, an goge, an ninke, gwanin sha'awa. Ba wanda ya ɗaga guda ya ƙare mata kallo, don kowa sashensa kawai yake gani ya miƙa gaba.

Ana saura kaɗan a dawo hutu, Malama shugabar makarantar ta zo da yara uku a gwada. Mace ce mai tabarau, ba ta da yawan magana. Na bar shagona na leƙo, don na san yau ake yinta.

Aka sa wa yaron farko riga. Ta wuce gwiwa, hannuwan suka sauko suna lilo kamar kunnen zomo. Aka sa wa na biyu wando, ya shige cikin ƙafar wandon ɗaya gaba ɗayansa, ɗaya ƙafar tana jan ƙasa. Ta ukun kuwa, yarinya, da aka zura mata tata rigar, sai muryarta muka ji daga ciki tana cewa an kashe fitila.

Malama ta zare tabarau ta ce, "Malam, na 'yan aji ɗaya na ce, ko na iyayensu?"

Kawu ya shimfiɗa rigar a tebur, ya ɗora tef, ya sake ɗorawa. Ya juya wurin Dogo.

Dogo ya ce, "Ni dai awona lafiya lau. Ɗan yatsa biyu kawai na ƙara, saboda girma."

Baba ya gyara allin kunnensa. "Ni ma na ƙara a wurin zane. Ina zan san ka riga ka ƙara?"

Mai haɗawa ya ce shi a bakin yadi ya bi da allura, don kar ya cinye wa yara wuri. Mai kalmasa ya ce shi siririya ya yi, saboda tausayi. Sai duk idanu suka koma kan Kawu.

Cikin ƙaramar muryar nan ya ce, "Ni ma a bayan layin alli na yanka."

Ya ɗauki babban almakashin, ya ajiye a tsakiyar tebur, ya ja da baya. Ya ce ya yi alkawari, ga shi nan. Ana cikin haka, yaron nan mai wando ya yunƙura zai taka, ya faɗi tim.

Na zaci Baba zai miƙa hannu. Ko kallon almakashin bai yi ba, Dogo ya sa a gaba.

"Kai wa ya aike ka ƙari a wurin awo? Ƙari aikin mai alli ne!"

"Haba Baba! Ni na ga yaran da idona. Kai takarda ka gani."

"Kafin a haife ka nake ƙara wa yara!"

Mai kalmasa ya ce in dai gaskiya za a bi, a kalmasa ake ɓoye girman yaro, uwa ta warware in ya yi tsawo. Nan fa wuri ya kaure, kowa yana kare sashensa, yana cewa a nan ƙari ya dace. Kawu yana tsaye yana dubansu ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya ce a koma yadda ake da. Duk a kan sabon tsarin suke faɗa, kowa ya riƙe wurinsa kamar gadon ubansa.

Sai ya buga tebur da tafin hannu. Tun da nake ban taɓa jin muryarsa ta kai haka ba.

"Mutum ɗaya zai ƙara! Baba ne. Duk wanda tausayi ya kama shi, ya je ya gaya wa Baba."

Baba ya yi gyaran murya. Ya ce ya ji, amma alli da almakashi ba sa rabuwa, in ba haka ba wani zai sake bin bayan layi. Ya faɗa yana kallon rufi.

Kawu ya daɗe yana duban almakashin nan. Aiki da shi ne abin da ya fi iyawa a duniya. Ya tura shi gaban Baba.

"To ni kuma me zan yi?"

"Kai ai shugaba ne," in ji Baba. "Ba wanda ya ce ka sauka. Dogo, miƙo masa gwangwanin maɓalli."

Malama ta mayar da tabaranta, ta zaro yarinyar daga cikin riga. Ta ce sun ci sa'a ƙari suka yi, da ragi ne da ba gyara. Su farke su rage, tana son kayanta kafin ranar komawa. Suka zauna farka, suna yi suna tsokanar juna, aka kuma kai kayan a kan lokaci.

Yanzu in ka shiga shagon, Kawu ne za ka fara tararwa a bakin ƙofa, gwangwani a cinya, yana neman ramin allura. Baƙi sukan wuce shi su gaida Baba a teburin yanka, sai in an zo maganar aiki Baba ya nuna shi da alli ya ce, "Ga mai shagon can." Wata makarantar ma ta aiko.

Kwanan baya muna tafiya gida da yamma, ya rage murya ya ce akwai wata mata da ta iya aikin surfani, yana so ya ɗauke ta, a sa mata keke kusa da taga, wurin da Dogo yake zama.

Na ce, "Ka gaya musu?"

Ya ce, "Tukuna, ɗana. Bari in ɗan tara barci."