Bishiya Mai Kai Ɗaya

Duk wanda ya taɓa sayen dashen mangwaro ko darbejiya a unguwar Galtimari ya san Baba Dzarma. Mutumin Askira ne, gajere, mai taurin kai, almakashi ba ya barin aljihunsa. A ganinsa babu itacen da aski ba ya gyarawa. Ba za a ga laifinsa ba, don a Maiduguri ya koyi sana'ar, garin da za ka datse darbejiya har gindi, kafin damina ta wuce ta sake tofowa kamar ba a yi ba.

Matarsa Phebe 'yar tsaunin Mambila ce. A Maiduguri ta haifi 'ya'yanta, a nan ta tsufa, amma ba ta taɓa yafe wa zafin garin ba. Wata shekara ta je ganin gida, ta dawo da 'yar bishiya a bokiti, irin wadda ke fitowa a bakin rafi can inda hazo ke kwana. Jikinta baƙi ne mai gashi-gashi, ganyenta dogaye kamar na dabino sai dai laushi, sabon ganye kuma a nannaɗe yake fitowa daga tsakar ka. Ba ta fure, ba ta 'ya'ya. Dzarma ya ce ba za ta ga ƙarshen bazara ba. Phebe ta ajiye ta a inuwar bayan randa, ta naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu, tana ba ta ruwa ta ka maimakon ta gindi. Bishiya ta rayu har ta kai ƙirjin mutum, shi kuwa ko matsowa kusa ba a barinsa ya yi.

Da Phebe ta rasu, shi ya gaji aikin. Mutumin da ya sha yi wa bishiyar ba'a ya koma yana jiƙa buhu kafin ya karya kumallo. Ya raba tufafinta, ya ba da tukwanenta, wannan kaɗai ya riƙe, kuma tsoron rasa ta ya shige shi sosai.

Wata safiya ya juya ganye, ya ga ɗige-ɗige masu ruwan ƙasa jere a bayansa. Irin ƙwarin da ke cin lemo, in ji shi. Ya duba sauran, duk haka suke. Sai ya yi abin da hannunsa ya sani: ya aske ganyen kaf, ya datse kan, don ta tofo da lafiya.

Damina ta zo ta wuce, kututturen yana tsaye, bai tofo ba. Ana nan sai Rifkatu, ƙanwar marigayiyar, ta zo daga Gembu, can Mambila, duba shi. Ta daɗe tana kallon abin.

"Baba Dzarma, wa ya yanke mata kai?"

Ya ba ta labarin cutar.

"Ba cuta ba ce," ta ce a hankali. "Irinta ne, da shi take yaɗuwa. Sai ta girma ta ji daɗin wuri take yinsa. Kuma kai ɗaya gare ta, ba ta yin wani."

Dzarma ya dafa bango. Rifkatu ta ji tausayinsa, ta yi saurin ƙarawa, "Amma ba komai. Ko busasshen ganye ɗaya ne, in aka karkaɗe ƙurarsa a kan damshi, wata tana iya fitowa. Ina ka zuba su?"



"Na ƙona," ya ce. "Don kada su shafa wa mangwaro."