Jan Zaren Seu Nivaldo

A wurin aikinmu da ke bayan garin Campinas, duk wanda aka ɗauka sabo, kafin a nuna masa inda tulun kofi yake sai an ba shi labarin ranar da Seu Nivaldo, wato Malam Nivaldo a harshenmu, ya buɗe ƙofa.

Ginin namu zobe ne, zagayensa rabin kilomita da ɗoriya. Haske yake samarwa irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, sai dai ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. A ɗakinmu mai bangon dalma, garin sinadari muke kallo yana tsakiyar aiki. A ɗura shi a bututun gilashi siriri kamar tsinken tsintsiya, a kunna masa zafi, a sako masa gas, hasken yana ratsa shi yana nuna mana yadda cikinsa ke sauyawa. Ba a zama a ciki. A rufe ƙofa, a koma gaban kwamfuta, a jira awa bakwai. In aka buɗe, haske da gas da zafi duk su ɗauke lokaci guda.

Ni ne mai zaman kwamfutar. Nivaldo shi ne mai haɗa bututan gas, noti bakwai, da sifana ɗaya da ba ya ba kowa aro.

A ranar da ake magana, wata Dakta Marluce ta zo daga Belém da garin sinadarin da ta shekara biyu tana haɗawa, bayan ta jira shekara guda kafin a ba ta ranarta. An ci awa biyar lafiya. Nivaldo ya miƙe ya ce zai zaga. Can sai na ga layukan da ke rawa a allona sun kwanta ɗam. Muka tashi muka iske ƙofa a buɗe, shi kuma a durƙushe da sifana yana duba wani noti.

"A ɗaure yake," ya ce, har da ɗan murmushi. Sannan ya ɗago ya ga fuskar Dakta.

Ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauki jakarta ta ce mana sai wani jiƙon. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Shekara goma sha biyu muna tare, ban taɓa ganin Nivaldo ya gama kofi a zaune ba. Shinkafa da wakensa a tsaye yake ci, ƙafa ɗaya tana kaɗawa. In ya kulle motarsa, sai ya yi taku goma ya dawo ya ja marfin. Matarsa, Dona Gilvanete, tela ce, kuma ta ce a ranar aurensu ma sai da ya fita daga coci ya duba ko ya kashe fitilar motar da aka ara musu. Ita kuwa halinta daban: ba ta iya ba da abu daidai. Ka ce ta zuba maka burodin cuku biyar, shida za ka gani. Ko maɓalli ta ɗinka maka, za ka tarar da wani a aljihu, gyara.

Asalin abin yana bayan hannunsa na hagu, wani tabo mai sheƙi. Yana ɗan shekara goma sha tara yana aiki a wata masana'antar rake a Minas, aka bar noti ɗaya a kwance, tururi ya feso. Ba shi ya bari ba. Amma tun daga ranar, in ji shi, ba ya yarda da notin da idonsa ba ya kai.

Bayan abin da ya faru da Dakta Marluce ne ya ƙirƙiro dabararsa. Kowace safiya zai yanko jan zare guda bakwai daga kayan ɗinkin matarsa ya sa a aljihun riga. Duk notin da ya ɗaure, ya ƙulla masa zare ɗaya. Aljihu ya zama wayam, aiki ya kammala. Muka yi ta yi masa dariya, muna cewa ya mayar da ɗakin gwaji shagon tela. Amma wata goma sha huɗu ba a sake buɗe ƙofa ana tsakiyar aiki ba.

Sai ga Dakta Marluce ta dawo, da ragowar garinta, ɗan abin da bai cika farcen yatsa ba. Shi ke nan abin da ya rage mata a duniya. An ba ta daga tara na safe zuwa huɗu na yamma, domin ƙarfe biyar wasu daga Córdoba za su karɓi ɗakin.

"Seu Nivaldo," ta ce da shigowarta, "na ji an ce yanzu har kwalliya kake wa notinka."

"Don su san ana ganin mutuncinsu ne, Dakta."

Aka rufe ƙofa ƙarfe tara daidai. Zafi ya fara hawa a hankali. Wajen sha ɗaya saura, Nivaldo ya sa hannu a aljihu zai ciro biro, sai na ga ya tsaya cak. Ya matso kusa da ni ya buɗe tafin hannunsa. Jan zare ne guda ɗaya.

"Odair," ya ce a hankali, "duba min kyamara."

Na duba. Zare shida muke gani. Noti na bakwai yana bayan murhun da ke gasa bututun, kyamara ba ta kai can. Ma'aunin gas bai motsa ba, ƙararrawa ba ta yi ƙara ba, amma ɗan yoyon da zai lalata garin ba lallai ya nuna a ko'ina ba.

Bai ɓoye mata ba. Ya je ya tsaya gabanta da zaren, kamar wanda ya kawo kansa ƙara. Lissafin ba shi da wuya. In aka buɗe yanzu, kafin zafi ya kai garin ya fara sauyawa, garin zai tsira, amma awa bakwai ba za su ƙara shiga ranar ba, sai ta sake jiran shekara. In aka bari kuma notin a kwance yake, iska za ta shiga, garin ya tafi har abada.

Dakta ta kalli zaren, ta kalle shi.

"Ka tuna ka ɗaure shi?"

"Na tuna. Amma wancan karon ma na tuna."

"Wancan karon kuma a ɗaure yake."

"Haka ne."

"A shekarunka nan, noti nawa aka samu a kwance bayan hannunka?"

Ni na amsa a madadinsa. "Ko ɗaya."

"To ni ba zan hana ka ba," ta ce. "Ga ƙofa can. Kai ka san hannunka."

Ya kalli ƙofar. Ya kalli agogo. Sai ya zare sifanarsa daga ƙugu, wadda ko darekta bai taɓa riƙewa ba, ya ajiye a gabana.

"Riƙe min. Ko na roƙe ka, kar ka ba ni."

Ya fita ya kama hanyar da ta zagaye zoben. Akwai kekuna da ake hawa a wurin, amma ya ce keke saurin dawo da mutum yake. Duk bayan minti shida sai ya bayyana a bakin ɗakinmu, wani lokacin waya a kunne, ya leƙo allona, ya wuce. Matarsa yake kira, domin ya tuno cewa yau da safe sauri yake, ita ta yanka masa zaren. Dona Gilvanete kuwa in tana kan keken ɗinki, ko gobara ake ba ta ɗaukar waya.

Mutanen sauran ɗakuna suka fara ƙirga masa zagaye a jikin allo. Mai shara ta daina goge inda yake bi. A zagaye na goma sha tara ya tsaya a bayana.

"Odair, ba ni sifanar nan in ɗan riƙe kawai."

"Wuce, tsoho."

Ya wuce. Abincin rana ma a tafe ya ci shi. Dakta kuwa ba ta ɗaga kai daga allo ba, sai dai na lura ta cinye murfin bironta. Ƙarfe ɗaya da rabi layukan suka fara lanƙwasa yadda ta yi hasashe, amma ta ce ba za ta yarda ba sai ta ga notin da idonta.

Ƙarfe huɗu da minti biyu muka buɗe. Nivaldo ya riga kowa shiga, ya leƙa bayan murhu. Jan zare yana nan, ƙulli biyu ma. Ya zauna a ƙasa, karo na farko da na ga ya zauna ba a ce masa ba.

Daidai nan wayarsa ta yi ƙara, ya sa ta a fili kowa yana ji. Dona Gilvanete ce.

"Valdo, lafiya na ga kira goma sha ɗaya?"

"Zare nawa kika yanka min, Nete?"

"Takwas mana. In ɗaya ya faɗi fa?"

Dakta Marluce ta yi dariya har ta dafa bangon dalma. Kafin ta tafi ta roƙi zaren na takwas, ta ƙulla a hannun jakarta.

Zagaye arba'in da uku aka rubuta masa a allo, kuma har yau ba a goge ba. Kwanan baya muna shan kofi, shi a tsaye, na ce masa, "Tsoho, kilomita ashirin da wani abu ka taka a kan notin da ka ɗaure da hannunka, har ka yi masa ƙulli biyu."

Ya kurɓi kofinsa, ƙafa tana kaɗawa.

"Ai ni na san na ɗaure, Odair. Ƙafafun ne ba wanda ya gaya musu."