Ƙwan da na baro a tulun sanyi

Assalamu alaikum jama'a. Kun daɗe kuna tambayar abin da ya ci min kan ɗan yatsa, ni kuma ina cewa injin niƙa ne. Ƙarya nake. Sanyi ne ya ƙone ni, kuma ni na kai hannun.

A ƙarshen shekarun casa'in ina tuƙa motar haya daga Kwanar Dangora zuwa Tudun Wada. Matata Dije gajera ce ƙwarai, har nakan ce ita ta tsaya a aji uku wajen tsawo, ni na tsaya a aji uku wajen boko. Shekara tara da aure, babu ko ɓatan wata. Al'adarta ma sai ta ga dama take zuwa.

A Kano aka ɗebi jininta. Likita ya ce tun daga halitta akwai ƙwayar gado ɗaya da ba ta cika ba, ita ta hana ta tsawo, ita take ƙarar mata da ƙwan haihuwa da wuri. Ya ce, "Malam, a lura da zuciyarta. Ciki na iya fasa mata babbar jijiya."

Surukina Baffa ya sayar da shanu tara, muka tafi Ikko, wani asibiti da ake haɗa ƙwan mace da ruwan mijinta a kwalba. Allura kullum. Hoton zuciya. Awon jini.

Ƙwai biyu suka kama. Likita ya kira ni gefe ya ce ɗaya za a dasa mata, zuciyarta ba za ta ɗauki biyu ba. Ɗayan za a daskarar da shi a wani tulun ƙarfe mai fitar da hayaƙi fari.

Ni da rawar kai, bayan an sa shi, da ma'aikaciyar da ke kula da tulun ta juya baya, na ɗaga murfin na ce, "Yaro, gaida Babanka." Na zura yatsa. Ban ji zafi ba. Ji na yi kamar an riƙe ni.

Dije kuwa na gaya mata ɗaya kaɗai aka samu.

Wata takwas muna fama. Hawan jini, kumburin ƙafa, numfashi sama-sama. Aka yi mata aiki aka ciro 'ya mace. Likita ya ce, "Ta tsira. Kada ta sake, ko da wasa."

Ranar suna na zaɓi sunan mahaifiyata. Dije tana kwance ta ce, "Malam, Hassana za a sa mata." Mata suka kwashe da dariya, wai ina Usainar? Ba ta yi dariya ba. Kallon yatsana take.

Yarinya na da shekara huɗu, da rana tsaka a watan zafi, ta jawo bargo ta shimfiɗa gefenta. Na ce na wa? Ta ce, "Baba, sanyi yake ji."

Ban taɓa komawa Ikko ba. Tsoro nake in Dije ta sani ta ce sai an dasa mata.

Na gode wa Allah, Dije na nan da ranta, Hassana har ta yi aure. Allah ya jiƙan Baffa. Masu irin lalurarmu, a duba zuciya kafin a nemi ciki, kuma duk abin da likita zai faɗa, ku ji shi tare, kada miji ya ji shi kaɗai.

Dije na bina bashin gaskiya guda. Ga ta can tana tsince shinkafa. Sau uku ke nan ina miƙewa in je in gaya mata, yatsan na yin sanyi, ina komawa in zauna.