Ranar Da Kunne Ya Miƙe Muryar Inna

A bayan shagon mai gyaran fanka akwai wani ɗaki da aka liƙe bangonsa da soso. Ba shi da taga, ƙofarsa kuwa ba ta rufuwa sai an sa mata kafaɗa. A nan Kunne ya yi shekara goma sha bakwai yana gyara muryoyin mawaƙa. Shi ya jawo wa kansa laƙabin, don duk wanda ya shigo sai ya nuna masa kunnensa na dama ya ce, "Ka ga wannan? Bai taɓa yi min ƙarya ba."

Aikin nasa ba wuyar fahimta. Mawaƙi zai rera, muryar ta fito a allon kwamfuta gutsi-gutsi, kamar tsutsotsi kwance a kan layuka. Wadda ta zauna a kan layinta ta yi daidai. Wadda ta zame ƙasa ko ta haura sama, sai Kunne ya damƙe ta da linzamin kwamfuta ya mayar da ita wurinta. Ya taɓa gyara wa wani direba waƙa, har matar direban ta saurara ta ce wane ne wannan mai murya haka, ko yana da aure?

Shi kansa kuwa ba ya waƙa. Sau ɗaya ya gwada a farkon aiki: ya danne ƙofa, ya rera baiti ɗaya, ya dubi allo, ya ga tsutsotsinsa sun tarwatse kamar an watsa musu ruwan zafi. Ya goge, ya rantse ba zai ƙara ba. Matarsa takan ce ita kaɗai ce a layinsu mijinta ke wanka shiru kamar ɓarawo.

Sama da kwamfutar akwai takarda da ya rubuta da babban baƙi: KA KWAFA KAFIN KA TAƁA. Wato ka ajiye kwafin asali kafin ka fara gyara. Ba mawaƙin da bai sha wa'azinta ba.

Wata Talata da hantsi yayarsa ta shigo, babbarsu duka, wadda ta goye shi yana jariri kuma ba ta bari ya manta. Wata takwas ke nan da rasuwar Innarsu. Ta buɗe ambulan ta zazzago memori ɗan ƙarami a tafin hannunsa.

"Muryar Inna ce. Na ɗauka da waya a ɓoye tana wanki. Wayar ta mutu tuntuni, wannan kaɗai ya rage. Ka cire min ƙarar injin maƙwabta. Ƙarar kawai na ce."

"Haba Yaya, ni za ki koya wa aiki?"

"Na koya maka tafiya."

Ta wuce kasuwa. Kunne ya zura memorin. Minti uku da daƙiƙa goma ne: Inna tana rera waƙarta da ita ta ƙirƙira, wadda take roƙon hadari ya dakata sai ta kwashe shanya. Cikin kwata ɗin awa ƙarar injin ta tafi. Da ya tashi a nan, da babu labari.

Amma sai ya dubi allo. Kai! Ko tsutsa ɗaya ba ta kan layi. A kalmar "shanya" ma muryar takan sulale ƙasa kamar ta taka sabulu. Hannunsa ya soma ƙaiƙayi. "Wannan ɗaya kawai," in ji shi. Da ya miƙe ta, sai ta kusa da ita ta fito da muninta. Kafin azahar ya jera su duka ras, hannun hagunsa ya danna ajiyewa kamar yadda ya saba, ya rufe manhajar, ya jingina yana jin lallai Inna ta haifi ɗa.

Yaya ta dawo, ta ajiye leda, ta saurara. Ta karkata kai.

"Wace ce wannan?"

"Inna ce mana."

"Innar wa?"

"Na ɗan gyara mata ne, Yaya. Ji yadda ta zauna."

"Wannan matar ba ta taɓa wanki ba a rayuwarta. Sa min ta asalin."

Ya buɗe memorin. Fayil ɗaya ne a ciki, kuma shi ne wanda ya miƙe. Ya duba kwamfuta, ya duba kwandon shara, ya sake duba memorin ko wani fayil zai haihu. Da ya ɗaga kai don kada ya haɗa ido da Yaya, sai ya haɗa ido da takardarsa.

Yaya ba ta yi faɗa ba, kuma hakan ya fi faɗan zafi. Ta jawo kujera ta ce, "Kai ka miƙe ta, kai za ka lanƙwasa ta. Ina nan."

Lanƙwasawar kanta abu ne mai sauƙi, ja ne kawai. Sanin ina za a ja, da nawa, shi ne tashin hankali. Washegari ya sa Yaya ta rera waƙar a makirufo don ya bi sawunta. Ashe Yaya murya gare ta! Tsutsotsinta suka hau layi kamar 'yan makaranta a fareti, ba abin da zai kwaikwaya. Sai ya koma kintace: ya ja wannan ƙasa, ya ture waccan gefe. Suka saurara.

"Yanzu kuma ka mayar da ita kaset ɗin da aka manta a rana," in ji Yaya.

A rana ta uku bayan la'asar, abin ji na toshe a kunnuwansa, zufa na bin wuyansa, yana ta fama da "shanya". Bai san bakinsa na motsi ba. Sai ya ji an ɗage masa abin jin.

"Sake."

"In sake me?"

"Abin da ka rera yanzun nan."

"Ni? Ni ba na waƙa, Yaya, kowa ya sani."

"Ai na ji dalili. Tashi ka shiga ɗakin can."

Ya roƙe ta, ya ce yana da mura, ya ce yana da mutunci a sana'ar nan. Ta tura shi cikin ɗan ɗakin makirufo da aka keɓe da gilashi, ta miƙa masa tawul ɗin goge zufarsa ta ce ya matse shi yana rerawa, in ya zo "shanya" ya sunkuya kamar zai ɗauko kaya a bokiti. Haka babban injiniya ya tsaya gaban makirufo mai tsada yana matse tawul, yana sunkuyo, yana roƙon hadari. Ta gilashi ya hango Yaya ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na girgiza, ya kasa gane dariya ce ko kuka.

Da ya fito ya dubi allo, sai ya ga tsutsotsin nan nasa, watsattsu kamar na shekara goma sha bakwai da suka wuce. Amma yanzu ya gane su. Ga sulalewar "shanya", ga hawan da ba ya kaiwa ƙarshe, ga rawar muryar da ke zuwa in an matse tsumma. Duk 'ya'yan Inna shida, shi kaɗai ya gaji karkacewar, kuma shi ne ya buɗe shagon korarta.

Ya jera nasa a sama, na Inna a ƙasa, ya dinga jan nata ɗaya bayan ɗaya zuwa inda nasa ya kauce. Wuni biyu ya yi a kai. Bai taɓa yin aiki da natsuwa irin ta ɓata wannan waƙa ba.

Ranar Asabar Yaya ta saurara sau biyu. A na uku ta goge ido ta ce, "Ita ce. Ta ɗan yi mura, amma ita ce."

Kunne ya kwafe fayil ɗin wuri huɗu. Zai zare memorin ke nan ta riƙe masa hannu.

"Sa min har da naka."

"Yaya, don Allah."

"Sa."

Kafin magariba dangi duka sun ji. Matarsa ta mayar da shi ƙararrawar kiran wayarta. Har yau, in waya ta yi ƙara a gidan, sai a ji Kunne yana roƙon hadari, shi kuwa ya miƙe ya ce bari ya duba ko ya kulle ƙofa.