Takardar Tayar da Famfo

Ni mai haɗa sola ne a Dutsin-Ma, kuma da an bar ni da sana'ata, da har in mutu ban rubuta abin da ya wuce sunana ba. Hannuna ya san waya, bakina ya san faɗa, alƙalami kuwa tun barin makaranta muka raba gari.

Famfon ƙauyenmu ne ya ja ni. Ƙauyen yana can gefen Ɗantutture, ta Kurfi, inda Inna take zaune ta ƙi tashi. Ni na haɗa wa rijiyar burtsatsensu sola. Kafin nan rafi mata ke zuwa, rafin kuma cikin daji yake, dajin kuwa kowa ya san abin da ya zama a shekarun nan. In famfo na aiki, Inna tana tsakiyar gari. In ya tsaya, tana daji da tulu a ka, don ba ta yarda a ɗebo mata.

Famfon ɗan rigima ne. Tsawa ta yi ƙarfi, sai makunnan wutarsa su sauka ya yi shiru. Kawu, ƙanen Inna, shi ke kula da shi. Da can kirana yake yi a waya in faɗa masa abin da zai taɓa. Sai sabis ya fara ɗaukewa kwana da kwanaki, hanyar ma ba kullum take biyuwa ba. Ran nan da bai same ni ba ya yi gaban kansa, ya ƙona akwatin na'urar ƙurmus. Na sauya wani ina kumfar baki, na ce masa: "Kawu, don girman Allah, kada ka sake taɓa komai sai da takarda a hannunka. Zan rubuto maka." Ya ce, "To, Injiniya." Haka yake ce mini in yana son ba ni haushi.

Na zauna na rubuta. Kai, na zuba ilimi! Na fara da gaisuwa, na bi da tarihin hasken rana, na bayyana yadda wuta ke tafiya a waya. Na kai wa wata Hajiya maƙwabciyarmu, wadda ta yi ritaya daga aikin ruwa, inda ta shekara da shekaru tana rubuta wa masu kula da famfunan ƙauye jagora. Na same ta tana tsinkar zogale. Ta karanta shafin farko ta ajiye a kan tabarma.

"Wa ka rubuta wa, ɗana?"

"Kawuna, Hajiya."

"A'a. Kanka ka rubuta wa, don a san ka yi karatu."

Wallahi da ba sa'ar uwata ba ce, da na kwashe takarduna na fita. Na haɗiye. Ta ce in koma in sa aiki ɗaya a layi ɗaya. Ta ce in daina kiran abubuwa da sunan da muke kiransu a shago, in kira su da abin da ido ke gani: baƙin makunni na hagu, jan maɓalli na ƙasa. Bayan kowane aiki kuma in faɗi abin da mutum zai gani ko ya ji, don ya san ya yi daidai. Na gyara na dawo, ta sake korata, wai na sa gargaɗi a ƙarshen shafi.

"Haba, ɗana. Sai ya taɓa wuta ta ja shi sannan ya karanta kada ya taɓa? Wannan ai jaje ka rubuta masa."

Na yi ta safa da marwa tsakanin ɗakina da tabarmarta. Duk jimlar da nake ji da ita, ita take fara sokewa. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne kullum gaskiyarta ce. Shafukan nan masu yawa suka ƙanƙance suka koma fuska ɗaya ta takarda. Da ta ce ya yi, sai na tuna Kawu ba ya karanta boko. Na sake juya shi duka zuwa ajami, da guntun abin da ya rage mini na makarantar allo. A saman takardar na rubuta bisimilla, kamar yadda aka koya mana a fara kowane rubutu. Ban ma san na rubuta ba, hannu ne ya tafi da kansa.

Darasi mafi wuya shi ne na ƙarshe. Hajiya ta ce kada in kuskura in tambayi Kawu ko ya gane. "Mutanenmu ba sa ce wa mai karatu ba su gane ba, kunya ba ta bari. Ka kashe famfon, ka miƙa masa takarda, ka zauna ka yi gum."

Faɗi ne da sauƙi. Na sami ranar da hanya ta yi lafiya na je, na sauke makunnan duka, na zauna a kan bulo. Kawu ya kai takardar kusa da hanci yana bin layi da yatsa, yana motsa leɓe. Dattijo yana fama a gabanka, kai ɗan 'yar'uwarsa kana zaune kamar hakimi! Mutane suka fara kallona. Wani tsoho ya ce, "Ɗan nan ba shi da ta-ido ne?" Na sunkuyar da kai. Inda Kawu ya tsaya ya yi jim, na lura da layin, na gyara shi a wurin. A karo na gaba ya bi ta daga sama har ƙasa, famfo ya yi gurnani, ruwa ya fara zuba a tanki. Ya dube ni yana dariya: "Ashe abin ba wuya, Injiniya." Na sa aka manna wa takardar leda a Kurfi, na rataye ta a ƙusa cikin ɗakin famfo, daidai tsayin idonsa.

Damina ta sauka. Sabis ya ɗauke gaba ɗaya, direbobi suka daina bin hanyarmu. Ni kuwa hankalina kwance. Duk tsawar da aka yi sai in ce a raina, Kawu na nan, takarda na nan.

A tasha na ji labari, daga bakin wani ɗan garinmu da ya samu ya fito da buhun gero. Bai ma gaishe ni sosai ba. Ya ce famfo ya daɗe a tsaye, mata sun koma rafi. Ran nan suka ji ƙarar babura daga cikin daji, suka watse da gudu. Ba a kama kowa ba. Amma Inna ta faɗi a gangaren rafin, ƙugunta ya karye.

Ban san yadda na isa ba. Na tarar da ita kwance, mai ɗori ya yi abin da zai iya. Na fito na nufi ɗakin famfo, ƙusa na nan, takarda babu. Na juyo kan Kawu da muryar da ban taɓa yi masa ba: "Ina takardar?"

Ya ce liman ne ya leƙo ya gan ta. Takarda mai sunan Allah a sama, rubutun ajami, rataye inda awaki ke shiga, ga laka, ga hannun da ba alwala yana damƙarta? Liman ya ce bai dace ba. Kowa ya yarda bai dace ba, Kawu ma ya yarda. Liman ya sa ta a gafaka tare da littattafansa, a kan in an buƙata a zo a karɓa. Sai matarsa ta kwanta ciwo, ya kai ta asibiti Katsina, ya kulle ɗakinsa ya tafi da makulli. A bayansa aka yi tsawar.

"Ba ku ɓalle ƙofar ba?"

Kawu ya dube ni kamar na zagi iyayensa. "Ƙofar malam?"

"To kai ba ka tuna komai ba? A gabana ka yi shi!"

"Na tuna wani abu. Amma kai ka ce kada in taɓa sai da takarda a hannu."

Na rasa wanda zan yi wa faɗa, ni da faɗa bai taɓa yi mini wuya ba. Liman girmama sunan Allah ya yi. Kawu maganata ya bi. Hajiya ta koya mini in yi tunanin idon mai karatu da hannunsa, mun yi, amma ba wanda ya yi tunanin inda takardar za ta kwana. Na shiga ɗakin famfo na ɗaga makunnan bi da bi. Kafin in goge hannuna ruwa ya fara zuba. Na tsaya ina jin ƙararsa.

Na ɗauko Inna zuwa Dutsin-Ma a kwance a bayan mota. Likita ya duba ya ce shekaru sun ja, ƙashin da wuya ya koma yadda yake. Matar da ta ƙi barin ƙauyenta duk da bindiga, ga ta a ɗakin matata, sai an ɗaga ta an kwantar. Ba ta taɓa tambayata yadda aka yi ba. Ni ne ɗanta na fari, ko sunana ba ta faɗa, balle ta tuhume ni.

Da yamma ran nan ina gyara mata matashi, sai ta kama hannuna.

"Kai wannan," ta ce. "Kawunka ya ce liman ya yaba rubutunka ƙwarai. Wai bai san hannunka ya yi kyau haka ba. Allah shi yi maka albarka."

Na ce amin, Inna. Na fita waje don kada ta ga fuskata.