Rewayan da ya nemi sensa a tankin ruwan gilas

Jama'a, yau na ga ƙwararre!

Zan kai Inna asibiti Gusau. Muna shiga Tsafe mota ta ɗau zafi, fanka ta ƙi juyawa. Aka nuna mini wani rewaya, mai gyaran wutar mota, wai babu kamarsa.

Ya buɗe bonet yana taƙama. "Sensar zafi ce, Alhaji. Ido rufe nake ciro ta."

Awa guda yana lalube! Inna na nishi cikin mota. Can ya zaro wani abu, ya wanke da fetur, ya busa, ya mayar. Fanka shiru!

Sai Madam Rahila, mai shagon kayan mota a gefe, ta leƙo. "Malam, ai wannan famfon ruwan wanke gilas ne."

Ta nuna gindin babban tiyon lagireto. Ga sensar nan, soket ɗinta ne kawai ya zame. Ta danna. Fanka ta tashi fuuu!

Gogan ko kunya babu: "Dama can zan je."

Mun isa asibiti da ƙyar. Yanzu kuma ruwan gilas ya daina fita!